Wankin gidan amarya a Ɗanbare: yadda aikin naira 100,000 ya koma asara

Ƙanwar mahaifiyata sana'arta wanke gidaje. Ba 'yar aiki bace irin wadda ake ɗauka ta zauna a gida ana biyanta ƙarshen wata, a'a kwangila take karɓa, ko sabon gini da aka gama, ko gidan da ɗan haya ya tashi ya barshi kaca-kaca, ko gidan da za'a kawo amarya, ta zo da yaranta da kayan aikinta su wanke tas a sallameta su tafi. A Kurna take zaune, tana da mata biyu da saurayi ɗaya da take kira in aiki ya faɗo, ni kuma nake riƙe mata lissafi da amsa saƙon WhatsApp tunda Anti bata da haƙurin rubutu, ita dai a kirata kawai. Shi yasa aikin nan da zan warware nasan cikinsa da bayansa har kuɗin fiya wata.

A Disamba aikin ya zo, lokacin da biki ya yi yawa kuma hunturu ya kankama. Gida ne sabo fil a Ɗanbare, can ta wajen sabuwar jami'ar Bayero a titin Gwarzo, ɗaki uku falo biyu kicin da banɗaki huɗu. Yayar ango ce ta kira, mu kirata Hajiya. Ta turo bidiyo gajere wanda wani ya ɗauka yana tafiya da sauri yana leƙa ɗakuna, komai fari ƙal babu kaya a ciki. Anti tace 130,000, Hajiya tace "haba baiwar Allah, shara ce fa da goge-goge, gidan sabo ne ko kwana ba'a taɓa yi a ciki ba." Aka ja aka ja aka tsaya a 100,000, rabi kafin alƙalami rabi in an gama, kwana biyu za'a yi, ranar ta uku 'yan jere su shigo.

Wannan maganar ta "gidan sabo ne" duk mai sana'ar nan ya gaji da jinta, domin sabon gida yafi kowane gida wahala. Gidan da mutane suka zauna dauɗa ce da maiƙo, omo da ruwa da ƙarfin hannu suna maganinsu. Sabon gini kuwa siminti ne da ya bushe a kan tayil, ɗigon fenti a gilas da makunnin wuta da hannun ƙofa, farar hodar silin da ta shige ko'ina, ledar da ake mannawa jikin tagar almuniyam wadda rana ta gasata har ta zama kamar da ita aka ƙera tagar. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake fitowa a bidiyon waya.

Wani zai ce to me ya hana ta je ta gani da idonta kafin ta yanka kuɗi. Kuɗin mota ne da tsoron a ƙwace aikin. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 zuwa daga Kurna har Ɗanbare a dawo ba abin wasa bane, kuma ba wanda zai mayar maka in ba'a daidaita ba, sannan yanzu masu wankin gida sun yi yawa a Kano, kina cewa "bari gobe na zo na duba" kafin goben an baiwa wata da ta amsa a waya nan take. Don haka ta amsa, ta shiga Singa ta sayo omo da Hypo da Harpic da Izal da sabulun ruwa, ta biya Ƙofar Ruwa ta sayo tina na cire fenti da reza da soson waya, kayan suka tashi 17,000.

Ranar farko da sassafe suka yi shatar adaidaita suka isa da bokitai da mofa da tsintsiya da tsani, abin da suka fara tararwa shine babu ruwa. An haƙa bohol amma ba'a haɗa injin ba, tanki a bushe, wuta ba'a jawo ba tukuna, janaretan da magina suke aiki dashi kuma injiniya ya ɗauke ya kai wani sayit. Anti ta kira Hajiya, Hajiya tace "ki saya kawai ma yi lissafi." Baba maigadi ya nemo 'yan ga-ruwa suka dinga turo kura, kowace naira 1,500, kuma sai ka jira don unguwar duk gine-gine ne kowa ruwan yake nema. Sai wajen sha ɗaya aka zuba ruwan farko a ƙasa.

Abu na biyu, gidan ba'a gama shi ba. Fenta yana koridon ɗakuna yana shafa na ƙarshe, fulamba yana banɗakin maigida ya baje kayansa, mai wayarin yana hawa yana sauka da takalmi. A wanke falo a fito a shiga ɗaki, kafin a dawo an bi ta kai da sawun fenti. Tufka da warwara kawai. In ka yi magana su ce su ma aiki aka sa su kuma su ma gobe ake so su miƙa.

Inda lokaci yake tafiya a irin wannan aiki ba shara bace ba kuma mofa bace, kankara ce. Anti takan durƙusa a kan tsohon filo ta jiƙa wuri da ruwan omo ta barshi ya ɗan sha, sannan ta kwantar da reza ta dinga tura simintin a hankali ɗigo bayan ɗigo, in ta miƙar da rezar da yawa ta karce tayil, in ta kwantar da yawa ta zame ta yanki yatsa. Tayil ɗaya bayan ɗaya har ta ƙure falo. Saurayin kuma tagogi aka bashi, layin da gilas yake gudu a kai ya cika da yashi da busasshen siminti, da tsohon buroshin haƙori da ƙusa yake tonowa, ledar jikin almuniyam kuma sai ya shafa kalanzir ya jira ta yi laushi ya ɓanɓaro ta tana yagewa ƙanana-ƙanana. Taga ɗaya tana iya cin kusan awa, gidan kuma tagogi ne ko ta ina. Wanda zai shigo daga baya abin da zai gani kawai taga ce tana buɗewa sumul, ba zai taɓa kawowa a ransa wani ya yi awa a wajen ba.

A ranar ne kuma Anti ta lura da abin da daga baya ya zama rigima. A kan kantar kicin, wadda aka yi da baƙin mabul mai sheƙi, akwai wani da'ira fari-fari da ya dusashe da wasu layuka inda ruwa ya gangara. Ta shafa taji wurin ya yi kaushi. Ta kira Baba maigadi ta nuna masa, yace ai masu tayil ne, da suka gama sun wanke ƙasa da asid kuma nan suka dinga ajiye galan ɗin. Ta girgiza kai ta ci gaba da aikinta. Bata ɗauki hoto ba, bata kira Hajiya ba.

Ga wanda bai sani ba, masu tayil da yawa da asid suke cire hazon siminti don shine mafi sauri. Tayil mai ƙarfi yana jurewa in an sirka da ruwa sosai, amma mabul dangin farar ƙasa ne, asid cinsa yake yi, ko ruwan lemon tsami ka bari a kai sai ya bar alama ballantana na galan. Kuma abin da ya samu wurin ba dauɗa bace da za'a wanke, fuskar dutsen ce ta narke, ko duk omon Singa za'a ƙarar a kai ba zai dawo ba sai an kawo inji an sake gogewa. Tururinsa ma kaɗai yana sa kan famfo ya yi tsatsa. Anti ta san wannan shi yasa ko kusa bata kai asid inda mabul yake.

Rana ta biyu aka samu tsautsayi. Ɗaya daga cikin matan sabuwa ce, yarinya ce da bata daɗe da fara bin Anti ba, aka bata banɗakin baƙi, masai ɗin ya yi wani tabo na ruwan siminti da magina suka dinga zubawa, ta zuba Harpic ta goge bai fita ba sai ta ƙara Hypo a kai wai ya fi ƙarfi, ga taga a rufe. Nan take wari ya turnuƙe, ta fito tana tari ido yana zubar da ruwa numfashi yana sarƙewa. Harpic asid ne a ciki, Hypo kuma bilic ne, in suka haɗu iskar kulorin suke fitarwa mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu, a jikin robobin ma an rubuta kar a haɗa da wani abu amma da Turanci ne da ƙananan baƙaƙe, waye yake karantawa. Aka fito da ita tsakar gida ta sha iska aka wanke mata fuska, saurayin ya kaita kemis aka kashe 3,500, ranar dai bata ƙara taɓa komai ba. A nan kam ba zan kare Anti ba, duk wanda zaka miƙawa robobin nan biyu a hannu ɗaya dole ka fara gaya masa kar ya haɗa, ita ta ɗauka kowa ya sani.

Duk da haka kafin magariba sun gama, mutum uku suka yi aikin mutum huɗu. Anti ta kira Hajiya ta zo ta gani ta karɓi gida, Hajiya tace suna wajen kamu ba hali, gobe ta leƙo. Anti ta ɗauki bidiyo ɗaki-ɗaki ta tura mata, ta ja ƙofofi ta rufe tagogi ta baiwa Baba mukulli.

Bayan tafiyarsu fenta ya dawo ɗaukar kayansa yaji warin fenti ya yi yawa, ya bi tagogin nan duk ya buɗe wai gidan ya sha iska kafin amarya ta zo. A Disamba. Ƙurar hunturun nan da take tasowa tun daga yankin Bodele a Chadi bata san raga ba, dare ɗaya ya isheta ta shimfiɗa a kan komai. Da gari ya waye kuma motar kayan ɗaki ta iso da kafintoci, masu haɗa gado da sif, masu labule suna huda bango jar ƙurar bulo tana zuba, kwalaye da leda da farin soson da ake naɗe kaya dashi ko'ina. A cikin wannan halin Hajiya ta shigo gidan karon farko. Ina zaune kusa da Anti wayar ta shigo, ko sallama babu, "wai ke me kika wanke ne a gidan nan? Na sa yatsa a kan taga na rubuta sunana." Anti tace Hajiya ai na turo miki bidiyo jiya, tace ita bata buɗe ba, ita abin da idonta ya gani ta sani, in ana son ciko a dawo a gyara.

Suka koma rana ta uku, wani shatar adaidaitan, wani ruwan, wani kuɗin yaran, kuma ba wanda ya yi maganar ƙari.

Ranar ce tafi ci mata rai, ba don aikin ba. 'Yan jere sun cika gida, gwaggonni da ƙannen uwar amarya da ƙawaye, su basu san da wata Hajiya ba basu san da wata kwangila ba, sun dai ga mata da tsintsiya. "Ke zo ki ɗauraye mana kwanukan nan." "Yaro kamo katifar nan." "Baiwar Allah cire mana ledar kujeru." Wanda ya ɗaukota ɓangaren ango ne, masu bada umarni a wajen ɓangaren amarya ne, in taƙi ace mai aikin da dangin ango suka kawo bata da kunya, in tayi kuma ba mai biya. Tayi. Can da la'asar wata tace bata ga wayarta ba, kafin kace me ido ya koma kan mutum huɗun da ba dangi ba, alhali ga kafintoci ga masu labule ga yaran unguwa suna shige da fice. Wata dattijuwa tace ayi haƙuri a duba jakunkuna don a fita zargi, kuma jakar su Anti kaɗai aka duba. Aka zazzage tata a tsakar falon da ta gama gogewa, hijabin sallah da carbi da man zafi da ragowar burodi a leda da 'yan canji. Daga baya aka kira layin wayar ta yi ƙara a cikin kwalin kofuna inda mai ita ta ajiye da hannunta. Abin da aka ce kawai "to Allah ya rufa asiri", aka ci gaba da jere.

Sai maganar ciko. Satin farko ana hidimar biki, sati na biyu ba'a ɗaga waya, daga ƙarshe alat ya shigo na 30,000 da saƙon murya, wai an cire 20,000 saboda an lalata mabul ɗin kicin da kemikal, dangin amarya sun gani sun yi magana ango yaji kunya. Anti tace a tambayi Baba maigadi, aka tambayeshi yace shi bai san komai ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba, injiniyan da ya kawo masu tayil shi ya kawoshi gadin. Kuɗin ruwa kuma da aka ce ma yi lissafi, amsar itace ai mai wanki ita take zuwa da ruwanta.

Ga yadda littafi ya nuna. Yara uku a 6,000 kowace rana, kwana uku, 54,000, har da yarinyar da bata ƙarasa ba don Anti tace ba zata yanke mata ba. Kayan wanki 17,000, adaidaita 15,000, ruwa kura shida 9,000, abinci 9,000, kemis 3,500. Jimla 107,500, abin da ya shigo 80,000. Wato ta yi kwana uku a durƙushe ta kuma ciro 27,500 daga aljihunta. Yadda ta tsara tun farko, kwana biyu da ruwan gida, 69,000 zata kashe ta tsira da 31,000.

Abin da nafi so a duba a lissafin nan shine ko da Hajiya ta biya cikon nan cif bata cire ko sisi ba, Anti asarar 7,500 zata yi. Kenan ba 20,000 ɗin mabul ne ya kashe aikin ba duk da shine yafi zafi a zuciya, aikin ya mutu tun a waya ranar da aka yanka kuɗi a kan bidiyo ba'a yi maganar ruwa ba, ba'a yi maganar ko akwai sauran ma'aikata a gidan ba, ba'a yi maganar waye zai zo ya karɓa kuma yaushe ba. Ni ban ɗauki Hajiya a matsayin muguwa ba, ita ma a matse take, ƙaninta ya ɗora mata hidima, surukai sun sa ido, ta shigo taga ƙura da tabo a kicin. Sai dai da ta tashi neman wanda zai ɗauki laifin, masu tayil an sallamesu sun tafi tun tuni, fenta an biyashi, injiniya ba'a yi masa tsawa, mutum ɗaya ce kuɗinta ya rage a hannu kuma itace ta ƙarshe da ta taɓa kicin ɗin. Mai wanki kullum ita ce ƙarshen layi, duk ɓarnar da aka yi tun daga tushen gini a hannunta ake ganinta.

Ta fuskar doka ma babu abin kamawa sosai. An sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, Kano ma ta ce 71,000, amma wannan na masu albashi ne, dokar bata hau kan wurin da ma'aikatansa basu kai 25 ba, ballantana mai kwangilar kwana biyu da aka yi da baki. Abin da take dashi bashi ne kawai, kuma bashi ana iya kaiwa gaban mai unguwa ko Hisba ayi sulhu. Na matsa mata ta kai, ga bidiyon da ta tura da lokacinsa a jiki, ga saƙon da aka ce ta sayi ruwa. Taƙi fur. Hujjarta itace duk aikinta ta bakin mata yake zuwa, wannan ta gayawa waccan a gidan suna ko a guruf, ranar da aka ce "mai wankin nan ta Kurna rigima gareta har ƙara ta kai wance" to ta gama samun aiki a wannan dangin da ƙawayensu gaba ɗaya, 20,000 bata kai wannan ba. Har yanzu ban yarda da ita ɗari bisa ɗari ba don irin wannan shirun ne yasa ake maimaitawa, amma ita take fita neman aikin ba ni ba.

Abin da ta yarda dashi shine canza yadda ake karɓar aiki. Yanzu bata faɗin kuɗi sai ta je ta gani, ana bada 3,000 na dubawa wanda ake cirewa a cikin kuɗin aiki in an daidaita. Kafin a jiƙa ko tsumma saurayin yana zagaye gidan da waya, duk tsagewar tayil, duk karcewar gilas, duk tabon mabul a ɗauka a turawa mai gida ya gani ya amsa. Ni kuma ina tura saƙo ɗaya a rubuce mai ɗauke da ɗakunan da za'a wanke da abin da ba'a ciki, kwanuka da ɗaukar kaya basa ciki, ruwa na mai gida ne, kashi 70 kafin a fara, a zo a karɓa ranar da aka gama, dawowa kuma kuɗinta daban. Ta sayo safar hannu da takunkumi, Hypo da Harpic kuma basa shiga bokiti ɗaya ko a hanya.

Wasu suna jin kuɗin dubawa suke kashe waya, mun rasa ayyuka a haka ba ɗaya ba biyu ba. Yarinyar nan ma bata dawo ba, babarta tace ta gwammace ta riƙe mata tallan awara. Sharaɗin da har yau ya gagara shine na cewa ba zata shiga gida ba sai duk ma'aikata sun fita, saboda ranar ɗaurin aure bata matsawa kuma magina basa taɓa gamawa a kan lokaci, satin da ya wuce ma a Rijiyar Zaki da mai silin a kan tsani suka yi wankin, ta dai sa an ƙara mata 10,000 kafin ta sauke bokiti daga adaidaita.